Mishel Adanson, mai neman dangin tsirrai

Kowane yaro a ƙasarmu ya san kuka. Muna shan miyarta, muna tsotsar garin ƴaƴanta, ana tufka igiya da ɓawonta. Amma in kun buɗe littafin masana tsirrai, ko a Yamai, ko a Dakar, ko a Tokiyo, suna ɗaya za ku tarar an ba ta: Adansonia digitata. Kalma ta biyu tana nufin mai yatsu, don ganyen kuka ya yi kama da tafin hannu a buɗe. Kalma ta farko kuwa daga sunan mutum aka samo ta. Mutumin Bafaranshe ne, sunansa Mishel Adanson. Da faransanci ana rubuta shi Michel Adanson. Ya rasu fiye da shekara 200 da suka wuce. Aikin da ya sa gaba duk rayuwarsa shi ne ya gano wane tsiro ne ɗan'uwan wane.

Ƙuruciyarsa

An haifi Adanson ran 7 ga watan Afrilu na shekara ta 1727, a garin Eks, kudancin Faransa. Ubansa yana aiki a gidan babban limamin kirista na garin. Da aka maida limamin birnin Paris, sai uban ya kwashi iyalinsa ya bi shi. A Paris yaron ya girma, a can ya yi karatu.

Iyayensa sun so ya zama limamin coci. Shi kuwa hankalinsa yana wani wuri. Ana ba da labari cewa wani masani ɗan Ingila, Nidam, ya ga ƙoƙarinsa a makaranta, ya ba shi kyautar madubin nan mai ƙara girman abu, wanda ake kira mikroskop. Tun yana ɗan shekara 14 ya soma zuwa Lambun Sarki, inda ake shuka tsirrai na ƙasashe dabam-dabam don nazari. Can ya zauna gaban manyan malamai, kamar Bernar Jusiye, masanin tsirrai. Ya kuma yi karatu wurin Reyomur, masanin ƙwari.

Da ya kai shekara 21, sai ya ƙudura zai tafi Senegal. Abokansa sun yi mamaki. A lokacin Turawa suna tsoron ƙasar saboda zafi da zazzaɓi, kuma da yawa cikin waɗanda suka je ba su komo ba. Wannan ne ma ya ja shi. Ya lura cewa tunda masana suna gudun wurin, to, a can ne zai tarar da abin da ba a rubuta ba tukuna.

Ba shi da kuɗin tafiya. Sai aka samar masa aikin ƙaramin magatakarda a Kamfanin Indiya, wani kamfanin Faransa mai ciniki a bakin tekun Afirka. Kamfanin nan yana sayen ƙaro, yana kuma sayen bayi, yana tura su ƙetaren teku. A cikin gidajen wannan mugun ciniki Adanson ya ci, ya kwana, har ya gama zamansa.

Shekara huɗu a Senegal

Jirginsu ya tashi daga Loriyan cikin watan Maris na 1749, ya iso bakin kogin Senegal cikin watan Afrilu. Tafiyar ruwa ta wahalar da shi ƙwarai, jiri da amai ba su bar shi ba. Ya sauka a tsibirin Sanluwi, wanda mutanen ƙasar ke kira Ndar. Daga nan ya riƙa fita. Ya hau kogi har Podor. Ya je tsibirin Gore, ya je Gambiya.

Wani abin dariya: a cikin littafinsa, kogin Senegal shi yake kira Nijar. Turawan zamanin suna zaton kogin Senegal da namu kogin Isa ruwa ɗaya ne. Sai a 1796 ne Mungo Park ya iso Segu, ya gani da idonsa kogin Isa yana gangarawa gabas.

Adanson bai zauna cikin ganuwa yana jiran a kawo masa ganye ba. Ya koyi wolof, harshen mutanen wurin. Yana shiga ƙauyuka, yana cin abincinsu, yana tambaya: mene ne sunan wannan itace, me ake yi da shi? Ya rubuta sunayen yadda ya ji su. Ya busar da tsirrai tsakanin takardu. Ya tara ƙwari, da kifaye, da katantanwa. Yana auna zafin iska da zafin rairayi, yana zana taswirar kogi. Ya yi nazarin baba, wanda ake rini da shi, da dakwara, itacen da ke ba da ƙaro. A 1751 masunta suka kawo masa minjirya. Ya taɓa ta, ta girgiza shi. Sai ya kwatanta girgizar da ta wata kwalba mai tara lantarki, wadda masanan Turai suka ƙirƙiro ƴan shekaru kafin nan. Yana cikin mutanen farko da suka yi wannan kwatanci, kuma ya yi daidai: lantarki ne minjirya take saki.

Cikin watan Agusta na 1749, kusa da Sanluwi, ya fara ganin kuka. Ya tsaya baki buɗe, don bai taɓa ganin itace mai irin wannan kauri ba. Ya miƙe hannuwansa ya zagaya gindinta, ya samu gaba 13. Ya sake aunawa da igiya, ya samu wajen metir 21. Ya ga yadda mata suke busar da ganyen, su daka, su zuba cikin abinci. Da wolof ana ce wa garin lalo. Shi ma ya riƙa shan ruwan ganyen, yana ganin shi ne ya tsare shi daga zazzaɓi da gudawa.

A wasu ƙananan tsibirai kusa da inda Dakar take yau, ya tarar da kukoki da matafiyan Turai suka sassaƙa sunayensu a jiki tun ƙarni biyu ko uku kafin zuwansa. Ya yi amfani da su ya lissafta yadda kuka take ƙara kauri. Lissafinsa ya nuna masa cewa babbar kuka tana iya wuce shekara 5000. A nan ya zarce. Masana na yanzu sun auna da na'ura, kuma kuka mafi tsufa da suka samu, a ƙasar Zimbabuwe, ba ta kai shekara 2500 ba. Duk da haka, ku yi tunani: wannan itace ya riga kakannin kakanninmu zuwa duniya.

Ya bar Senegal a ƙarshen daminar 1753, ya iso Faransa a farkon 1754, da akwatuna cike. A 1757 ya buga littafi a kan tafiyarsa da kuma katantanwar Senegal. Masana kafin shi suna rarraba katantanwa bisa siffar ɓawo. Shi kuwa ya ce a dubi dabbar da ke zaune a ciki, don ɓawo riga ce kawai. Littafin ya fito da sunansa. A 1759 aka karɓe shi cikin Majalisar Masana ta Faransa.

Yaya ake rarraba tsirrai?

Tsirran duniya suna da yawa ƙwarai. In ba a jera su ba, babu mai iya riƙe su a ka. Masana suna jera su hawa-hawa. Akwai iri, kamar kuka ko tsamiya. Ire-iren da suka yi kama sosai ana haɗa su gida ɗaya. Gidajen da suka yi kama ana haɗa su dangi ɗaya. Da faransanci ana cewa espèce, genre, famille.

A zamanin Adanson, babban malamin wannan fanni shi ne Karl Linne, mutumin ƙasar Suwed. Shi ne ya kafa al'adar ba kowane iri suna mai kalma biyu, sunan gida da sunan iri, a cikin littafinsa na 1753. Har yau ita ake bi. Ya kuma fito da wata dabara mai sauƙi ta jera tsirrai. In kun buɗe fure, za ku ga ƴan zare a tsakiya, masu ɗauke da gari rawaya a kai. Su ne étamines. Linne ya ce a dube su, a ƙidaya su. Mai zare ɗaya ya shiga aji na 1, mai biyu aji na 2, mai uku aji na 3. Haka ya ci gaba da ƙidaya. Wasu azuzuwan kuma ya kafa su bisa tsawon zaren, da yadda suke haɗe, da wurin da suke. Duka-duka ya yi aji 24.

Dabarar tana da daɗin aiki. Ko yaro yana iya ƙidaya. Amma ku dubi abin da ta haifar. Alkama da rake sun faɗa aji na 3. Shinkafa ta tafi aji na 6, masara aji na 21, dawa aji na 23. Alhali kowane ɗan manomi ya san waɗannan ƴan'uwa ne: kara mai gaɓa, dogon ganye siriri, zangarniya a bisa. Sannan wa aka ajiye a aji na 3 tare da alkama? Tsamiya! Tsamiya kuwa danginta su ne wake da gujiya, masu ƴaƴa cikin kwanso. Linne da kansa ya san dabararsa ta neman suna ce kawai, ba ta nuna dangantaka ta gaskiya. Sai dai almajiransa sun riƙe ta kamar doka.

Adanson ya ga aibin wannan hanya tun yana Senegal, inda ya yi ta cin karo da tsirran da ba su shiga jerin Turawa. Ku ɗauka malam ya jera ƴan makaranta bisa tsawo kawai. Wa da ƙane za su rabu, baƙo ya tsaya kusa da baƙo. In ana son a gane ƴan gida ɗaya, sai a dubi fuska, da murya, da tafiya, da unguwar da suke komawa da marece. Haka Adanson ya yi da tsirrai. Ya jera su bisa saiwa. Ya sake jera su bisa ganye. Ya sake bisa fure, bisa ƴaƴa, bisa ƙwaya, bisa ƙamshi, bisa ɗanɗano, bisa wurin da suke tsirowa. Sai da ya yi jeri 65, kowane bisa alama guda. Babu ko ɗaya da ya wadatar shi kaɗai. Amma tsirran da suka riƙa faɗawa wuri ɗaya a jeri da yawa, su ya ɗauka ƴan dangi ɗaya.

Da haka ya fitar da dangi 58, a cikin littafinsa mai suna Familles des plantes, wato dangogin tsirrai, na shekara ta 1763. Shinkafa, da masara, da dawa, da alkama suka komo wuri ɗaya. Kuka kuwa ya sa ta cikin dangin kuɓewa da kaɗa. Wa zai ce wannan ƙaton itace ɗan'uwan kuɓewa ne? Amma ku gwada furensu gefe da gefe, ku kuma tuna da yauƙin miyarsu. Masanan da suka zo bayansa sun fitar da kuka daga wannan dangi. A ƙarshen ƙarni na 20, binciken ƙwayoyin gado ya maida ta inda Adanson ya sa ta.

Tsiron da ba ya fure

Akwai tsirran da suka fi ba masu ƙidayar zare wuya. Da faransanci ana ce musu fougères. A nan za mu rubuta fujer. Ba su fure, ba su ƴaƴa, ba su ƙwaya. Yawancinsu suna da ganye mai kama da gashin tsuntsu, kuma sabon ganye yana fitowa a naɗe kamar gammo, sannan ya warware a hankali. Suna son inuwa da laima. Shi ya sa ba su da yawa a ƙasarmu. Akan samu wata ƙarama a tabkunan damina, mai ganye huɗu a kan siririn kara. Akwai kuma ƴan kaɗan a tsagin duwatsun Ayar. In an yi kudu, wajen kurmi, sai a gan su ko'ina: a ƙasa, a kan duwatsu, har a jikin itatuwa. A duniya akwai fiye da iri 10000, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu zafi da ruwan sama suke.

In kun juya ganyen fujer, za ku ga ɗige-ɗige masu launin ƙasa a bayansa. Wani zai ce cuta ce ko ƙwan ƙwari. A'a. Ƴan jakunkuna ne cike da gari mai laushi, wanda iska ke ɗauka. In garin ya faɗa wuri mai danshi, sai ya tsiro ɗan ganye kore mai siffar zuciya, wanda bai fi farce girma ba. A jikin wannan ɗan ganye ne ɓangaren namiji da na mace suke, kuma sai da ɗigon ruwa suke haɗuwa. Daga nan sabuwar fujer take tashi. Linne da Adanson duk sun mutu ba su san wannan ba. Sai a tsakiyar ƙarni na 19 aka gane shi sarai, musamman da aikin wani Bajamushe, Hofmaista, na 1851.

Tunda babu fure, babu abin ƙidaya. Linne ya tura fujer aji na 24, na ƙarshe, tare da gansakuka da naman kaza. Ya kira ajin da suna mai ma'anar ɓoyayyen aure. Da ya zo raba su gida-gida, sai ya sake riƙe alama guda, wato siffar ɗigon. Masu ɗigo a miƙe kamar layi, gida ɗaya. Masu ɗigo a gefen ganye, gida ɗaya. Masu ɗigo kewayayye kuwa ya tara su a wani babban gida mai suna Polypodium. Gidan ya cika da baƙin juna.

Adanson ya ba fujer danginsu na kansu cikin 58 ɗin nan. Ya kuma ƙara dubawa. Ya lura cewa a cikin masu ɗigo kewayayye, wasu ɗigonsu tsirara yake, wasu kuwa akwai ɗan marfi a kansa kamar hula. Sai ya buɗe sabon gida, ya ba shi suna Dryopteris. Sunan daga girkanci ne. Ya haɗa sunan wani babban itacen kurmin Turai da kalmar fujer.

Bari mu ɗan bar Adanson, mu bi wannan suna mu ga inda ya ƙare. Da farko masana ba su kula da shi ba. A farkon ƙarni na 19 wani masanin Suwed, Suwarts, ya tara fujer masu marfi a wani gida da ya kira Aspidium. Shi ma alama guda ya riƙe, shi ma ta yaudare shi. A cikin gidansa akwai wata fujer ta kurmin Turai mai marfi kamar ƙoda. Akwai kuma wata ta ƙasashe masu zafi, ita ma mai marfi kamar ƙoda. Amma sauran jikinsu ya sha bamban. Ta biyun tana da dogon ganye kamar takobi, kuma tana miƙa siraran igiyoyi a ƙasa, sababbi su tsiro daga jikinsu. A 1834 wani masanin Otirish, Shot, ya raba su. Ta farko ya maida ta gidan Adanson. Ta biyu ya buɗe mata gida mai suna Nephrolepis, wato ɓawo mai siffar ƙoda. Ƴan wannan gida sun bazu a duk ƙasashe masu zafi, daga Amurka zuwa Afirka zuwa Asiya. Wanda ya taɓa tafiya Kwatano ko Ikko ya ga irinsu suna reto a jikin itacen kwakwar manja. Su ne kuma ake yawan shukawa cikin tukwane don ado.

A 1905 da 1906 wani masanin Danmark, Kiristensen, ya buga jerin dukan fujer da aka sani, ya ɗaukaka sunan Dryopteris. Sai dai shi kuma ya cusa masa ɗaruruwan ire-iren da ba nasa ba. Masanan da suka biyo baya, ciki har da Cing na ƙasar Sin, suka yi ta tacewa. Suna duban gashin ganye, da jijiyoyinsa, da cikin kara, da siffar garin nan a ƙarƙashin mikroskop. A 2016 masana fujer na ƙasashe da yawa suka haɗu suka fitar da sabon jeri, wanda ya dogara ga binciken ƙwayoyin gado. A cikinsa gidan Dryopteris yana da wajen iri 400. Sun fi yawa a gabashin Asiya, amma akwai su a kurmin duwatsun Afirka, kamar na Kamaru da Habasha. Nephrolepis kuwa ba dangi ɗaya ma suke da shi ba. An ba ta danginta ita kaɗai.

Kada ku ce wannan gardamar malamai ce kawai. A 1916 wani likita, Dalziel, ya rubuta sunayen tsirrai da hausa. A ciki ya ambaci agugu, saiwar wata fujer da ake kawowa daga Adamawa, ana sayarwa don maganin tsila. Ya yi zaton ita ce fujer ɗin nan ta Turai ta gidan Dryopteris, wadda Turawa ma suka daɗe suna sha don kashe tsila. Saiwar nan tana da dafi. In ta yi yawa tana iya makantar da mutum, har ta kashe shi. Likitoci sun daina ba da ita, don yanzu akwai magungunan da suka fi ta. Wanda bai iya bambanta wannan gida da wancan ba, yaya zai san abin da ke hannunsa?

Taurin kai da talauci

Mu koma ga Adanson. Littafinsa na 1763 bai samu karɓuwar da ta kamace shi ba, kuma shi ma da laifinsa. Ya ƙi bin sunaye masu kalma biyu na Linne, alhali duniya ta riga ta karɓe su. Ya fi son a bar wa tsiro sunan da mutanen ƙasarsa ke kiransa da shi. Wannan tunani ne mai kyau, amma ya sa littafin ya yi wa sauran masana wuyar amfani. Ko sunan Adansonia, wanda malaminsa Jusiye ya ba kuka don girmama shi, Linne kuma ya buga, shi bai yi aiki da shi ba. Baobab yake rubutawa. Bayan haka ya sake wa faransanci rubutu. Ya zubar da baƙaƙen da ba a furtawa, yana rubuta kalma yadda ake faɗinta. Ku da kuke fama da dictée, wataƙila ku ce ya kyauta. Masu karatun zamaninsa kuwa dariya suka yi masa.

Sannan ya ɗauko kayan da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ya so ya rubuta littafin da zai ƙunshi dukan halitta: tsirrai, dabbobi, duwatsu. Wajen shekara ta 1775 ya kai wa Majalisar Masana abin da ya tara. Akwai manyan kundaye 27 na rubutun hannu a kan tsarin halitta. Akwai bayanin iri 40000, da kalmomi 200000, da zane 40000. Ƴan majalisar suka firgita. Suka ba shi shawara ya tsamo abin da shi da kansa ya gano, ya buga shi kaɗan-kaɗan. Ya ƙi. Ko duka, ko babu. Aka ƙare da babu. Ya shige ɗaki ya ci gaba da rubutu dare da rana, shekara da shekaru, ba a buga ba. Ko sauran littattafan da ya yi alkawari a kan Senegal ba su fito ba. Aurensa ma bai jure ba, ya rabu da matarsa.

A 1789 abubuwa biyu suka same shi. Antuwan Loran Jusiye, ɗan ɗan'uwan malaminsa, ya buga nasa jerin mai dangi 100. Shi ma ya dubi alamu da yawa, amma ya ce wata alama ta fi wata nauyi, kuma ya bi sunayen Linne. Jerinsa masana suka karɓa, sunansa ne ya fito. A cikin shekarar kuma aka yi juyin juya hali a Faransa. Ba a daɗe ba sarauta ta faɗi, kuɗin da ake ba Adanson duk shekara suka yanke. A 1793 aka rufe Majalisar Masana. Tsoho ya shiga talauci mai tsanani. Ana ba da labari cewa da aka kafa sabuwar majalisa a 1795, aka kira shi ya zo ya zauna, sai ya aika cewa ba shi da takalman da zai sa. Daga baya gwamnati ta yanka masa ɗan abin da zai ci.

Ya rasu a Paris ran 3 ga watan Agusta na 1806, bayan watanni yana jinya. Shekarunsa 79. Abin da ya roƙa a wasiyyarsa shi ne a ɗora wa kabarinsa furanni da aka tsinko daga dangogin nan 58.

Ɗiyarsa Agilaye ta gaji son itatuwa. Ta dasa wani babban lambu a Balen, tsakiyar Faransa, wanda yake nan har yanzu. Tsirran da ya busar suna ajiye a gidan tarihin halitta na Paris, masana suna zuwa suna duba su. A 1963, shekara 200 cif bayan littafinsa, wasu masana biyu, Sokal da Sinit, suka buga littafi a kan yadda za a jera halittu da taimakon kwamfuta. Hanyarsu ita ce a tara alamu masu yawa, a ba kowace nauyi ɗaya, a bar na'ura ta ƙidaya waɗanda suka fi kama da juna. Suka ce tushen wannan hanya daga Adanson yake, har suka laƙaba mata sunansa.

Tambayoyi

1. Me ya sa Adanson ya zaɓi tafiya Senegal?
2. A jerin Linne, wane aji shinkafa ta shiga, wane aji dawa ta shiga? Me ya raba su?
3. Mene ne ɗige-ɗigen da ke bayan ganyen fujer?
4. Ku samo ganye da fure na kuɓewa, da na yakuwa, da na wake. Ku dubi kowane da kyau, ku faɗi biyun da suke dangi ɗaya, ku kawo alamu uku da suka nuna haka.